Dokin Ƙofar Baba Pyo

"Ɗaga ta can! Haba, ta can na ce maka!" in ji wani saurayi ga abokin aikinsa.

Gadon asibitin ya sake cijewa a bakin ƙofa. Samarin nan biyu da suka kawo shi sun kwantar da shi ta gefe, sun juya shi, sun kwance duk abin da ke kwantuwa a jikinsa, amma a banza. In ƙarfen sama ya wuce, na ƙasa ya kama dokin ƙofa. In aka ɗaga ƙasan, saman ya daki katakon bisa. Gyesun na tsaye a tsakar gida da hannu a ƙugu, tana kallon yadda fentin gadon ke gogewa a jikin itace.

"Inna, ba zai shiga ba," in ji babban cikinsu yana share gumi. "Saura kamar yatsu uku. Wai wa ya gina ɗaki da ƙofa kamar ta akurki?"

"Wanda zai kwanta a gadon," in ji Gyesun.

Saurayin ya sunkuyar da kai, ya ba da haƙuri.

Baba Pyo ne mai ɗakin, tsohon kafinta, katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na Gyesun. Tun ƙarshen damina yake kwance a asibitin gari, huhunsa ya gaji. Likita ya ja 'yarsa Miran gefe ya gaya mata cewa babu abin da ya rage sai jira. Shi kuwa tsohon ya kafe, wai in jira ne, a gida zai yi. A ƙauyen Solgol tsofaffi ba sa wasa da wannan magana: wanda ya cika a waje, in ji su, kurwarsa ba ta gane hanyar gida. Asibiti ta yarda ta sallame shi, amma sai an kafa gado da injin iskar numfashi a ɗakinsa. An shirya motar da za ta kawo shi gobe da safe. Daga jibi bikin kaka na Chuseok zai kama, komai zai tsaya cik, kuma babu wanda ya yi ƙarfin halin cewa Baba Pyo zai ga bayan biki.

Samarin suka ajiye gadon a tsakar gida, kusa da jan barkonon da aka shanya. Suka ce suna da kaya na wasu ƙauyuka, za su biyo kafin faɗuwar rana. In an sami hanya su shigar, in ba a samu ba su koma da shi, sai bayan biki.

Gyesun ta zauna a dandamalin katako na gaban ɗakin ta shiga buga waya. Kafinta na farko yana kan hanyar garinsu, cunkoson motoci ya riƙe shi. Na biyu yana kan tsauni yana yanke ciyawar kabarin kakanninsa. Na uku bai ma ɗauka ba. A Solgol ɗin kanta kuwa, wa za ta kira? Shekarunta sun doshi sittin, amma ita ce autar ƙauyen, har yau "yarinya" ake ce mata. Ita ke tuƙa tarakta, ita ke hawa tsani ta canza wa mutane ƙwan lantarki. Maza ukun da suka rage, ba wanda zai iya buɗe kwalba sai ya huta.

Ta yi wa Miran, wadda ke can asibiti, kiran bidiyo.

"Yaya, an shigar?" Idanun Miran sun kumbura don rashin barci.

"Ya ƙi shiga, ƙanwata."

Aka ji wata murya can ƙasa-ƙasa. Hoton ya girgiza, sai ga fuskar Baba Pyo a kan matashi, da robar iska a hanci. Ya rame ƙwarai, kunnuwansa kaɗai ne ba su ragu ba. Wannan mutumin ne ya hau rufin gidanta shekarar da mijinta ya rasu, ya gyara shi ba tare da ta roƙa ba, ya sauko yana yi mata faɗa wai shayinta ba zafi.

"Maman Nari," ya ce, don da sunan 'yarta yake kiranta. "Juya abin nan in ga ƙofata."

Ta juya wayar. Ya daɗe yana kallo.

"A yanke dokin ƙofar."

"A yanke me?"

Ba Gyesun ce ta yi maganar ba. Kaka Bong ce, wadda ta shigo da kwanon dunƙulen shinkafa na biki a hannu, ta tsaya tana saurare kamar yadda ta saba. Ta haura tamanin, ta yi zamani da Baba Pyo tun suna tsinkar 'ya'yan itace a bayan makaranta, kuma ba su taɓa rabuwa ba tare da sun ja wa juna magana ba.

Ta matso ta kusa cusa hancinta a wayar. "Kai tsohon nan, maganin asibiti ya taɓa maka kai? Dokin ƙofar da ko taka shi ba a yi? Jikana ya taka sau ɗaya, sai da ka bi shi da tsintsiya har bakin rafi. A yanke shi, arzikin gida ya zube ta ina ba ta ina ba?"

"Bong," in ji shi, yana jan numfashi tsakanin kalmomi, "arzikin da ya rage a gidan nan ni ne. Ga ni kuma a waje."

Kaka Bong ta ajiye kwanon a hankali.

"Rufin ba zai motsa ba, Baba?" in ji Gyesun.

"Ba a kansa yake ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Je ki rumfa, zarton lantarkina yana cikin koren akwati."

"Wa zai yanka?"

"Ke mana. Ko Bong kike so in ba?"

Gyesun ta san ƙarar zarton nan kamar yadda ta san carar zakaranta. Shekara da shekaru tana jin ihunsa ta bayan katanga, kuma ba ta taɓa sha'awar kusantarsa ba. Tsoronsa take ji, tsoro na gaske. Amma ta dubi gadon da ke tsakar gida, rana na dukan katifarsa da ke naɗe a leda, ta tashi.

Ta fito da akwatin, ta ja ɗamara, ta zaro safar hannu daga aljihu, farar nan ta auduga mai jan tafi da kowa ke sawa. Da ita ake tsinkar barkono, da ita ake ɗaukar bulo, da ita ake kama kifi a kasuwa. A ƙasar nan mutum bai fara aiki ba sai ya sa ta, har in ka ga wani hannu tsirara a gona sai ka ɗauka baƙo ne.

Kaka Bong ce ta riƙe wayar, tana nuna wa tsohon rabin Gyesun da rabin sama.

"Cire!" Muryarsa ta fito da ƙarfin da ya ba su mamaki, sai tari ya biyo baya. Miran ta dafa masa baya. "Cire safar nan."

"Baba, don kada ya yanke ni ne fa."

"Ita za ta sa ya yanke ki. Haƙori ɗaya ya kama zare, sai ya ja safar, safar ta ja hannun. Fata tana yagewa ta sake ki, auduga ba ta saki. Naɗe hannun riga kuma. Wannan gyalen na wuya, tuɓe shi."

"Sai ka ce amarya za a yi wa wanka," in ji Kaka Bong.

"Ke riƙe waya daidai, gajimare nake gani."

Gyesun ta ciro zarton. Ya fi yadda ta zata nauyi. Faifan haƙoransa a fili yake, yana ƙyalli, domin an cusa wani ɗan guntun katako da ya tokare murfinsa a sama. Guntun ya yi baƙi ya yi santsi, da gani ya shekara a wurin.

"Kada ki jona wuta tukuna," in ji Baba Pyo. "Zare wannan guntun."

Ta zare. Murfin ya faɗo da kansa, ƙas, ya rufe haƙoran.

"To me ya sa ka tokare shi, Baba?"

"Don mu kafintoci wawaye ne. Wai yana ɓata mana lokaci. Ni sa'a ce ta bar mini yatsuna goma, ba wayo ba. Jefar da shi a murhu."

Ya sa ta ɗaga murfin ta saki har sai da ya gamsu yana komawa da kansa. Ya sa ta sauke faifan iyakar zurfinsa ta ɗaure, duk kafin a jona igiyar wuta a bango. Ya sa ta nemo tabaran aiki a ƙasan akwati. Suka yi mata yawa, Kaka Bong ta ce ta yi kama da kwaɗo. Sannan ya ce ta ja layi biyu a tsakiyar dokin ƙofar, ta guji ƙulli, a cire abin da ke tsakani, gefe da gefe za su zaro daga ramukansu.

Gyesun ta durƙusa ta ja layukan da fensir. Itacen ya yi duhu, ya sha hannu da tsumma har yana sheƙi. Na dama ya fito daidai. Na hagu ta ja shi inda idonta ya ga ya dace.

"Nuna mini," in ji tsohon. Kaka Bong ta sunkuya. "Matsar da na hagun. Taƙi guda."

"Can akwai ƙulli a itacen, Baba. Nan ya fi laushi."

"Na ce ki matsar."

"Ai kai ka ce in guji ƙulli."

"Yanzu na ce ki matsar."

Gyesun ba mai gardama ba ce, amma hannunta ne zai riƙe abin nan, kuma ba ta son yin abin da ba ta gane ba. Ta ajiye fensir. "Sai ka gaya mini dalili."

Baba Pyo ya juya ido wajen 'yarsa, ya juya wajen bango. Duk wanda ya taɓa shan shayi a gidan nan ya san abin da tsohon ke alfahari da shi. Gidan da ya gina da hannunsa, itace ya kama itace, babu ƙusa ko ɗaya. Ya faɗa wa mai unguwa, ya faɗa wa mai kawo wasiƙa, ya faɗa wa ɗaliban da suka zo ɗaukar hoto. Ranar auren Miran ma sai da ya faɗa wa surukai kafin a zuba abinci. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Akwai ƙusa," ya ce can ƙasan maƙoshi.

"Me ya ce?" Kaka Bong ta kara wayar a kunne.

"Ƙusa! Akwai ƙusa a nan! Doguwa, a kwance, daidai ƙarƙashin layinki. In faifan ya same ta, zarton zai yi tsalle ya dawo kanki, ko haƙori ya ɓalle ya nemi idonki."

Kaka Bong ta zauna daɓas a kan dandamali. Dariya ta kama ta har wayar ta koma kallon barkono. "Ƙusa! Wayyo cikina! Shekara nawa kana cika mana kunne! 'Ko ɗaya babu, Bong, ko ɗaya!'"

"Itacen ne ya tsage ana gobe za a shiga gidan," in ji shi, "ga uwar Miran da tsohon ciki, ga sanyi ya taho. Na buga, na toshe ramin, na shafa masa toka. Ko ita ba ta sani ba."

"Ta sani, Baba," in ji Miran. Tana dariya tana share hawaye. "Ta gaya mini tun ina 'yar makaranta. Ta ce kada in kuskura in nuna maka."

Tsohon ya rufe ido. Kafaɗunsa suka shiga rawa, Gyesun ta tsorata ta ɗauka tarin ne ya dawo. Ashe dariya yake yi, marar sauti, irin wadda ƙarfinsa ya iya.

Ita Gyesun ba ta yi dariya sosai ba. Kallon layin nan take yi, inda da yanzu ta ɗora faifai. Ta san don ya tsare ta ne ya tona asirin kansa, kuma ta ji son tsohon nan ya cika mata ƙirji. Ta goge layin da yatsa, ta ja sabo, taƙi guda zuwa hagu.

"To," in ji shi da ya huta. "Jona wuta. Igiyar ta bi ta bayanki. Bong, ja da baya, kada ki tsaya a saitin faifan. Ke ma, Maman Nari, kada ki sa jikinki a bayansa, koma gefe kaɗan. Gwiwarki nesa. Hannu biyu a kansa, kowanne a mariƙinsa."

"Na riƙe."

"Ɗora gaban farantin ƙasan zarton a kan itace, amma kada haƙora su taɓa. Ki danna madannin, ki bari ya gama ɗaukar gudu, sannan ki tura. Kada ki matsa masa, shi ya san aikinsa. In kin ji ya cije, saki madannin ki tsaya yadda kike har ya mutu. Kada ki ja shi baya yana juyi."

Ta danna. Ihun ya cika gidan, kajin Kaka Bong suka watse a bayan katanga. Hannuwanta suka so saki, ta hana su. Ta tura a hankali. Haƙoran suka shiga itacen, garin katako ya yi feshi, wani ƙamshin sabon itace ya tashi daga cikin tsohon, kamar jiya aka sare shi. Kafin ta gama tsorata, ta fita ta ɗaya gefen.

"Saki! Kada ki ajiye! Jira ya tsaya."

Ta jira. Faifan ya rage gudu, ya tsaya, murfin ya rufe. Sai a lokacin ta tuna da numfashi.

A yanka na biyu, wajen ƙullin nan, zarton ya canza murya ya yi nauyi a hannunta. Zuciyarta ta ce ta fizge shi. Ta saki madannin, ta daskare a wurin har ya yi shiru, sannan ta zare shi.

"Yauwa," in ji Baba Pyo. "Yauwa. Da na sami irinki tun da, da ban sha wahalar yara maza ba. Sake shiga, a hankali."

Faifan bai kai ƙasan itacen ba, sai da ta zare igiyar wuta ta ƙarasa da zarton hannu. Wannan ya ɗauki lokaci, gumi har cikin tabarau. Da ta gaji, Kaka Bong ta miƙa mata wayar ta karɓi zarton, ta ja sau kaɗan tana mita wai kakanni su shaida ba ita ta fara ba. Gyesun ta sa guduma, tsakiyar ta faɗo. Gefen hagu ya zaro salin-alin, na dama sai da aka lallashe shi.

Kaka Bong ta ɗauki guntun tsakiyar ta juya shi, ta ƙwaƙule toshiyar da tsinken gashinta. Ga kan ƙusa nan, ya yi tsatsa. Ta sa guntun a hammata ta ce ita da shi sai zauren tsofaffi, yau kowa zai gani.

Da samarin suka dawo, rana ta yi ja a kan tsauni. Gadon ya shige ba tare da ya taɓa komai ba.

Washegari da hantsi motar asibiti ta tsaya a bakin lungu. Aka turo Baba Pyo a keken marasa lafiya, aka ɗaga shi kan dandamali, daga nan tayoyin suka gangara kai tsaye cikin ɗaki. Ya sa a tsaya a bakin ƙofar. Ya leƙa ramukan da itacen ya bari, ya ce gefen dama an ɗan ci masa fuska da guduma, amma ba laifi ga ɗan koyo. Sannan ya ce a juya gadon ya kalli waje.

Ya ga biki. Jikokinsa suka zo daga birni suka yi masa gaisuwar durƙuso a gefen gado. Bai iya cin dunƙulen shinkafar ba, amma ya sa an kara masa a hanci ya shaƙi ƙamshin ganyen da aka turara shi da shi. Tsofaffin Solgol suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zo sai ya ɗaga ƙafa a bakin ƙofa don tsallake abin da babu, ya yi tangaɗi, tsohon ya yi murmushi. Ba wanda ya fita bai tsokane shi ba, shi ma ba wanda ya bari ya tafi da bashin magana. Har bayan biki yana nan, ya wuce duk yadda likita ya zata. Gyesun ba ta taɓa ganinsa cikin natsuwa irin ta kwanakin nan ba.

Wata safiya ta shigo da kunun shinkafa a ɗan kwano, ta tarar da Miran zaune a dandamali, hannuwa a cinya. Injin iskar ya yi shiru.

"Ya tafi, Yaya," in ji Miran. "Gari na wayewa ya ce in buɗe masa ƙofa. Na buɗe, na je ɗora ruwa. Ko da na dawo, shi ke nan."

Gyesun ta ajiye kwanon. Ta cire takalma ta shiga, ta durƙusa ta yi masa gaisuwa, ta yi kukanta ba tare da ta ɓoye ba. Yana kwance fuskarsa wajen tsakar gida, a ɗakinsa, ƙarƙashin rufinsa.

Iska ta kwana tana kaɗa itacen kanyar da ke bakin rijiya. Jajayen ganyenta sun hau dandamali, da ba su sami abin da zai tare su ba suka shige ɗaki, suka bazu a daɓe har ƙarƙashin gado. Gyesun ta miƙa hannu ga tsintsiya, don mutane za su fara zuwa.

"Bar su tukuna, Yaya," in ji Miran.

Ta bari. Ta fito ta zauna kusa da ita, kafaɗa na taɓa kafaɗa. Kunun yana ta huci a tsakaninsu. Iska ta sake tasowa kaɗan, wani ganye ya ja ciki a kan katako, ya wuce ta gefen ƙafafunsu, ya shiga ɗakin.